Ranar da Orville Ya Amsa Kira

Duk wanda ya tashi a gundumarmu ta jihar Iowa ya san muryar Verna Holmquist kafin ya san fuskarta. Mace ce 'yar firit, amma in ta tsaya a ƙofar kicin ta ƙwala wa mijinta Orville kira, har kajin maƙwabta sai sun watse. Gonarmu na bayan tasu, don haka ba labari aka ba ni ba.

A bikin baje kolin gunduma da ake yi duk watan Agusta tun zamanin kakanninmu, kowa da abin taƙamarsa. Wani ƙaton alade, wani kabewa, wata ɗinkin bargo. Verna kuwa gasar kiran miji ce tata. Mata su hau dandamali ɗaya bayan ɗaya, ba lasifika, kowacce ta kira mijinta cin abinci kamar yana can ƙarshen gona, alƙalai uku su zaɓi gwana. Sau goma sha huɗu tana tafiya gida da shuɗin ƙyallen na ɗaya.

Abin dariyar shi ne Orville bai taɓa zuwa ba. Ba dole ba ne miji ya bayyana, amma mazan sauran sukan taso suna sosa ƙeya, a yi ta shewa. Shi kuwa gogan yana can rumfar tsofaffin taraktoci, kansa cikin inji.

"Orville! Abinci zai huce, kurman banza!" Haka take yi har rufin kwano ya amsa.

Na taɓa tambayarsa, "Wai kai ba ka ji ne?"

Ya ce, "Ina ji mana, ai har mutanen jihar Nebraska suna ji. In na zo yanzu, baɗi wa za ta kira?"

Bara aka yi mata aiki a maƙogwaro, muryar ta tafi, sai raɗa ta rage. Duk da haka ta sa sunanta a gasar. Darlene Stuckey, wadda ta gaji da zuwa ta biyu, ta tare ta wajen masu gasa masara.

"Haba Verna, ki rufa wa kanki asiri mana. Da wace muryar?"

Verna ta raɗa mata, "Ke dai ji da naki mijin, da yake zuwa don tsoro."

Amma ni ta gaya mini gaskiya a mota. Ba ƙyallen take so ba, ta cika bango da su. Shekara arba'in tana kiran mutumin nan a gaban jama'a, so take ta ga ya zo ko sau ɗaya, ga shi abin kiran ya ƙare. Wallahi ta ba ni tausayi, shi kuma na ji kamar in je in shaƙe shi.

Ranar gasar ana zafi kamar me. Darlene ta yi nata har wani jariri ya fashe da kuka. Verna ta hau, ta riƙe ƙugu yadda ta saba, ta buɗe baki. Abin da ya fito ko layi na biyu bai kai ba. Na sunkuyar da kai.

Sai wani tsoho da ke zaune dab da matakala, wanda ya ja hula ya rufe fuska tun safe, ya miƙe. Orville ne, cikin rigar zuwa coci, ko ɗigon baƙin mai babu a hannunsa. Ashe ya san daga rumfar taraktoci ba zai ji ba.

Ya ce, "Ga ni, tsohuwa. Wannan ihun duk na mene ne?"

Darlene aka bai wa ƙyallen, Verna ko kallonsa ba ta yi ba. Ta sauko tana share ido, ta kama kunnen mijinta ta raɗa masa, "Abincin ya huce tun shekara arba'in."

Ya ce, "Zan ci haka nan."