Leitu, Likitar da Ke Zama Kafin Ta Yi Magana

Leitu 'yar ƙanwata ce. A unguwar Mangere ta tashi, gida ɗaya da ɗana Iakopo, kwano ɗaya suke cin gwaza da madarar kwakwa ranar Lahadi. Ta fi shi lissafi. Ni na koyar da su duka, don haka na sani.

Sau biyu kacal makarantar likitancin da take so ke kiran mutum ganawa. Karon farko ta ƙi bin ƙofar neman gurbi da aka ware wa Maori, 'yan asalin ƙasar, da mu 'yan tsibirai irin su Samoa, saboda wata 'yar ajinsu ta ce mata, "Ke ai fatarki ta riga ta ci miki jarrabawa." Ta shiga cikin kowa da kowa, ta zauna gaban manya yadda aka rene ta a gidan Samoa: kai ƙasa, murya ƙasa. Suka ce ba ta yarda da kanta ba.

Muka shekara muna gwaji a falo.

"Kalle ni cikin ido."

"Kawu, Mama za ta kwaɗa min cokali."

"Ludayi ma," in ji uwarta daga kicin. "Amma kalle shi, me ke fuskar nan da za a ji wa tsoro?"

Karo na biyu, na ƙarshe, ta bi ƙofarmu, inda ake barin dangi su shiga. Na zauna a bayanta. Wata dattijuwar likita, Baturiya, ta ce, "Wasu za su ce asalinki ne ya kawo ki nan. Me za ki ce musu?"

Leitu ta ɗago kai.

"Ranar da Iakopo ɗan kawuna ya rasu, likita ya zo ya sanar da shi a tsaye, Kawu yana zaune. Mutumin kirki ne, har idonsa ya yi ja. Amma a wurinmu ba a tsaya wa babba a kai a yi masa magana. Kawu ya iya Turanci, amma bai ji komai ba. Sai da na zauna a ƙasa na faɗa masa da harshenmu. Idan asalina ke nan, to shi ya kawo ni. Makina kuma suna gabanku."

Haka kuwa aka yi ranar rasuwar, ba ta ƙara gishiri ba. Ban taɓa sanin ta lura ba.

Ranar da sakamako ya fito ina shara a coci, ta shigo da gudu, takalmi a hannu.

"Kawu, sun ɗauke ni!"

"Na ga yadda kika kalli matar nan."

"Goshinta na kalla."

Yanzu shekararta ta biyu tana aiki. Ma'aikatan jinya sun gane ta: in Dakta Leitu za ta ga iyalin mara lafiya, su suke riga ta kai ƙaramar kujera.