Launin Kwatano

"Na ce maka shafi guda ba ya isa, Alhaji! Baƙin ga leƙowa yake kamar ɗan maƙwabta."

"To ƙara mai duhu mana. Gobe tsohuwar za ta iso."

Safina ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ta bangon da ya raba ɗakinta da na kusa take jiyo su: Alhaji Usuman mai gidan haya, da Arzika mai fenti. Tsohuwar kuwa uwarta ce, Inna Dela, wadda ciwon fuka ya sa za a ɗauko daga Kende ta zauna kusa da asibiti. Safina ce da bakinta ta roƙa mata ɗakin.

Duk Bagudo an san Arzika. Da can masunci ne, ko kuma ɗan masunta da kifi ya ƙi. Ya gwada dakon shinkafa ta kan iyaka, ya gwada acaba, babu wadda ta karɓe shi. Shekarar da kogi ya shigo gari ya kwana a ɗakunan mutane, sai ga shi ya dawo daga Benin da gwangwanayen fenti shunayya mai duhu, kamar ruwan makuba da ya kwana. Ya ce launin matan manya ne a Kwatano. Kwatanon da bai taɓa takawa ba. Kafin damina ta zagayo, amaryar da ba a shafa wa ɗakinta ba sai ta ga an raina ta. Mata suka sayo labule da zanen gado su dace da bango, shi kuwa ya yi tumbi, ya riƙa yawo da farata masu launin hanta, yana gaisawa da su, yana cin tuwo da su.

Da Alhaji ya fita, Safina ta shiga ɗakin da cokali. Warin fenti ya cika ko'ina, amma a ƙarƙashinsa akwai wani, irin na tabarmar da aka naɗe da lema. Ta kankari bango daidai ƙirjinta. Fentin ya saɓule kamar fatar ƙuna. Ga shatin ruwa nan, ƙasa da shi baƙin fumfuna ne, danshi na tsattsafowa. Ta tofar da yawu.

"Baba Arzika, a nan uwata za ta yi numfashi? Ba ka ji kunyar furfurarka ba?"

Bai ko ajiye buroshi ba. "Ɗiyata, fari na tona asiri, shuɗi na tona asiri. Wanga shi ɗai ke da amana. Shekaranjiya ba ke kika shigo kina guɗa ba, kina cewa kamar ɗakin matar gwamna?"

Ita ce. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Ba za ta kwana nan ba. Nawa ɗakin zan ba ta, ni in koma zaure."

Arzika ya rufe gwangwaninsa, ya goge hannu a gindin riga, ya nufi waje. A bakin ƙofa ya waiwayo, yana sakace da tsinken ashana.

"Allah shi yi miki albarka. Sai dai ki tafi da cokalin ga. Naki ma ni na shafa shi bara."