Ranar da Anti Tafireta ta rufe shago

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma duk layinmu Anti Tafireta ake ce mata, don da tafireta ta fara sana'a tun kwamfuta ba ta shigo ba. Shagonta na manne da nawa na ɗinki. Shekara ashirin da biyu tana buga wa mutane takardu tana yi musu fotokwafi. Ba ta da sakin fuska, wannan kam ba zan ɓoye ba. Ka kawo mata takarda a yamutse, sai ta gama harararka kafin ta sa a inji.

Akwai abin da take taƙama da shi, wato ba ta goge komai. Duk takardar da ta bi ta injinta, katin shaida ne, takardar haihuwa ce, sakamakon asibiti ne, sai ta ajiye hotonta a kwamfuta. Mutanenmu kuwa gwanayen zubar da takarda ne. Mutum zai dawo bayan shekara biyar yana zufa, ya ce ruwa ya cinye tasa, ita kuma ta danna nan ta danna can ta fito masa da ita tana tsaki. Albarkar da ta sha a kan wannan ba ta da iyaka.

Wata Talata aka turo mata saƙo, wai takarda ce a buga za a zo a karɓa. Ta buɗe, ba ta ga komai ba, ta ci gaba da aikinta. Kwana uku bayan nan kwamfutar ta ƙi buɗuwa, sai wani rubutu kawai a fuskarta. Wasu ne suka kwashe duk abin da ke ciki. In ba ta biya su ba, za su baza shi.

Muka kira Injiniya, mai gyara mata na'ura. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Anti, intanet ɗin da kike gani kamar gaban shago ne," in ji shi. "Bayansa akwai sito a kulle, inda banki da asibiti ke ajiye nasu. A ƙarƙashi kuma akwai wani lungu da bincike na yau da kullum ba ya kaiwa. Can ake sayar da irin waɗannan takardu. Mai saye ya ɗauki katin wani ya yi damfara da sunansa."

"In na biya za su goge?"

"Ko kin biya ba ki da tabbas."

"To ba za su ga ko kobona ba."

Babban yayanmu ya zo da yamma da tasa shawarar. "Ki canza kwamfuta ki ja bakinki. Wa zai leƙa wannan lungun a layin nan? Kina faɗa, shagon ya mutu."

Wallahi har da ni a masu goyon bayansa, ina jin kunyar faɗa. Tsoro nake ji mata. Shagon nan shi ne rayuwarta kaf.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Yaya, mutanen nan amana suka ba ni, ba su ce in ajiye ba na ajiye. Yanzu in bar su sai an zo kama su kan laifin da ba su sani ba? Ɓarayin nan shirun nawa suke so. Ba zan ba su ba."

Washegari ta sa wa shago kwaɗo, ta ce in ajiye almakashi in biyo ta. Ba ta da jerin suna, kwamfutar ta tafi da shi, amma yayata ba ta manta fuska. Gida gida muka bi, kwana tara. Ba ta kewaye-kewaye. "Takardarka tana hannun ɓarayi ta dalilina. Ka je banki ka sanar, ka je inda aka ba ka katin. Duk wanda ya kira ka ya karanto maka lambarka, kashe wayar." Wani malamin makaranta ya zage ta tas a gaban iyalinsa. Na buɗe baki zan rama, ta take mini ƙafa.

Gidan matar wani direba ne ya fi ciwo. Tana da wata lalura da ko dangin mijinta ba su sani ba, kuma takardar asibitin a wurin yayata ta yi fotokwafi. Da ta ji, ba ta yi faɗa ba. Ta ce a hankali, "Anti, na ce miki kwafi ɗaya." Ta rufe ƙofa. A hanyar dawowa na ga yayata tana share ido da bakin mayafi, abin da ban gani ba tun rasuwar mahaifiyarmu.

Da ta sake buɗe shagon, kusan rabin masu zuwa sun daina. Ta sayi tsohuwar kwamfuta, ta raba ta da intanet, ta juya fuskarta tana kallon ƙofa yadda kowa zai ga abin da ake yi. Matar direba kuwa wata huɗu tana wuce mu ba ko gaisuwa.

Ran nan ina kan keken ɗinki sai na hango ta ta shiga shagon da ambulan a hannu. Na bar ɗinkin na laɓe a bakin ƙofa, gulma dai ba yau na fara ba. Sabuwar takardar asibiti ce. Yayata ta yi mata kwafi ɗaya. Sannan ta nuna mata hoton takardar a fuskar kwamfuta, ta kama hannunta ta ɗora a kan maɓallin gogewa.

"Ke za ki danna," in ji ta.

Matar ta danna, ta tsaya har ta ga wurin ya zama wayam. Ta ninke takardunta, ta kai bakin ƙofa, ta juyo.

"Wata mai zuwa ma akwai wata, Anti."

"Ki kawo ta a miƙe," in ji yayata, "ban da yamutsawa."