Jiragen Baffa na Kara

Jiya maƙwabciyata ta jiƙa ƙaro a kwano, warinsa ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar wake. Sai na ajiye faifan, na zauna.

Da ƙaro Baffa, ƙanen mahaifina, yake manna fikafikan jiragensa. Ya dawo daga yaƙin basasa da kunne ɗaya a toshe, ba ya son taro, ba ya son tambaya. Idan kaka ta yi, sai ya shiga gonarmu ta bakin gulbi, can wajen Maradun, ya zaɓo karan dawa masu kauri. Ya feƙe ɓargon ya yi gangar jiki, ya tsaga ɓawon ya yi fiffike, ya kafe da ƙaya. Farfela kuwa daga gwangwanin madara yake yanko ta. Ni ke dama masa shuni da jar ƙasa, don nasa shuɗɗa ne, na abokinsa jajaye.

Abokin nan tela ne, tare suka yi soja. Bayan La'asar sukan ɗora tsohon ƙyaure a kan turmi biyu, su zuba yashi, su ja gulbi da yatsa, su yi wasan yaƙi da jiragen. Ƙaramin jirgi taƙi uku yake tafiya, babba taƙi biyu. Wanda aka harbo nasa, sai ya koma da shi ɗaki ya ƙara masa hanci ko ya rage fiffike. A nan kaɗai na taɓa jin dariyar Baffa.

Mahaifina bai so abin ba. "Ƙato da kai, kana wasan ɗiya," yakan ce.

Sai masu aikin madatsar ruwa suka zo suka kafa turaku, aka ce gonarmu da gidanmu ruwa zai ci. Mota ɗaya muka samu, ga hatsi, ga tukwane, ga tsohuwar kakarmu. Baffa ya bar jiragensa rataye a rufin ɗaki, ya ɗauki wuƙarsa kawai. Tela kuma ya bi danginsa zuwa Bakura.

Inda aka sauke mu tsakuwa ce zalla. Dawar ta fito siririya. Baffa ya gwada kara ɗaya, ya murƙushe a hannunsa. Daga nan ya daina fitowa ƙofar gida, abinci ma sai an yi ta fama.

Wata Talata mahaifina ya tafi kasuwar Mafara, ya zarce garin Morai, ya dawo da damin kara masu kauri a bayan keke. Ya cire ƙyauren ɗakinsa, ya ɗora a kan turmi.

"Da wa ni ka yaƙin?" in ji Baffa.

"Da ni. Gwada min yadda a ka yi."

Mahaifina bai iya ba, kullum shi ake harbowa, yana ta gunaguni. Haka suka yi rani guda. Da damina ta sauka Baffa ya kwanta, bai tashi ba.

Yanzu jiragen gaske ke ratsa samanmu, suna nufar daji. Na gaji da jin su. Jikokina ba su taɓa roƙon a yi musu na kara ba. Da sun ji rugugi, ɗaki suke shigewa su yi shiru.