Akushin Baba a Wajen Ciyayya

A garinmu, gabas da Guci, bayan magariba kowane magidanci yakan fito da tuwon gidansa ƙofar gida, a haɗu a ci tare. Ciyayya ke nan. Mahaifina bai taɓa fashinta ba, sai da fatarsa ta soma lalacewa.

Daga gwiwar hannu abin ya fara, wani tabo mai kauri, samansa farin ɓawo yana zuba kamar dusa. Ya hau kai, ya sauko gadon baya. Ba wanda ya ce masa kuturta a gaban idonsa. Sai dai aka riƙa tura masa akushinsa gefe, wai don ya sake. Abokansa na ƙuruciya fa!

Wanzami ya ce mataccen jini ne, ƙaho zai zuƙe shi. Duk ranar kasuwa Baba ya tuɓe riga, a tsaga, a kafa ƙaho. Abin haushi, duk inda aska ta taɓa, bayan 'yan kwanaki sai sabon tabo ya fito, zagaye daidai bakin ƙahon. Na nuna wa Baba, ya ce ciwon ne ke neman hanyar fita. Har jiri ya fara ɗibarsa a gona.

Da ƙyar na ɗora shi a kabu-kabu zuwa asibitin Magariya. Lokotoro ya duba, ya ce sunan ciwon soriyazis, ba kuturta ba ce, ba a kuma ɗaukarsa ko a hannu ko a kwano. Ya ce a cikin ɓargon ƙashi ake ƙera jini, har da ƙwayoyin da ke tsaron jiki. Su ne ke hura wutar a fata, wutar kuma idan ta daɗe tana iya sa ɓargon ya ƙara turo su. Jinin da ƙaho ya kwashe, ɓargo zai mayar da irinsa, ga tsagar tana haifar da sabon tabo. Ya rubuta man shafawa, ya hana aska.

Na dawo da murnata. A wajen ciyayya na durƙusa na zayyana wa dattawan duk abin da na ji, har sau biyu na maimaita cewa ba a ɗauka. Wallahi kamar da bango nake magana. Abu ɗaya suka tsinta. Babbansu ya janye ƙafarsa, ya ce: "Ashe har ƙashi ya kai. Allah ya sawwaƙe, Malam."

Raina ya ɓaci, na buɗe baki, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya jira ko wani zai miƙo hannu cikin tuwonsa. Ba wanda ya miƙo. Ya rufe akushin da faifai, ya ba ni.

"Kai wa uwarka. Ka ce daga gobe ta bar fito da shi."

Man shafawar ya yi aiki, kafin kaka tabon ya kwanta. Amma har ya rasu, a ɗaki yake cin tuwonsa.