Sunan da Bature ya kira a madadina

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara wannan ƙarar ba, ɗiyata ta gama karatun injiniya a Villeurbanne, nan Faransa, ta samu aiki a Lyon. Wata Asabar ta hawo jirgin ƙasa ta same ni a ɗakina na unguwar Porte de la Chapelle a Paris, ta ajiye tikiti a gabana. Wai ƙasar Islande za mu, in ga dutsen ƙanƙara.

Na ce, "Ke, shekara goma sha tara ina aiki cikin firigon nama. Hutun ma firigo za ki kai ni?"

Ta ce, "Papa, wannan ba shi da ƙofa."

Na bi ta.

Bari in faɗa muku wani abu tukuna. Ita ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata ta ci. Mu a Damagaram uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle shi uban ya kama na uwar da ta haife shi. Tun tana zanen goyo "ke" nake ce mata, kuma ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Ita kuwa haihuwar Paris ce.

Da muka isa aka zura mu cikin wasu kaya kamar buhu, aka kifa mana hular kwano. Abin hawan wani moto ne marar taya, jan ciki yake bisa ƙanƙara. Sai mai permi, takardar izinin tuƙi, ke tuƙawa, ita kuwa tana da shi. Ni da na yi kabu-kabu shekara biyar, ba takarda, aka ɗora ni baya kamar damin gero.

Ta ce, "Papa, riƙe ni."

Na riƙe ƙarfen baya.

Can sama muka tsaya. Jagoranmu, wani Bature mai jin Faransanci, ya ce kada kowa ya yi nisa, akwai ramuka masu zurfi da ƙanƙara ta rufe bakinsu. Ita ta ɗan matsa ɗaukar hoto. Kafin in gyara safar hannu, wani farin hayaƙi ya sauko, kamar an kife mu cikin ƙwaryar nono. Ko takalmina ba na gani.

Na yi ta ihu, "Ke! Ke!" Shiru. Wallahi sunan ya zo har haƙorana, ya tsaya.

Baturen ya damƙi kafaɗata, ya ce mene ne sunanta. Ni, ƙato da furfura, sai na nuna masa takardar sunaye da ke hannunsa. Ya duba, ya kira shi a karkace. Ta amsa. Ko taku goma babu tsakaninmu.

A mota muna komawa ta daɗe tana kallon taga, sannan ta ce, "Ina jin ka, Papa, tun 'ke' na farko. Tsayawa na yi in ji ko za ka faɗa."

Na ce, "Ba ki da hankali. Da kin faɗa rami fa?"

Ta ce, "Da wa za ka ce ya faɗa?"

Na yi niyyar in ce mata mu abin da ya fi ƙarfin baki shi muke wa kunya. Na ce ta rufe taga, alhali a rufe take.

Ba ta sake tada zancen ba. Tana bugo mini waya duk Juma'a, gaisuwa gajera, lafiya lau, ya aiki, sai an jima. Ba ta sake kai ni ko'ina ba.

Ban ce al'adarmu ƙarya ce ba. Ni dai na ɗauko ta daga inda kowa ya san ma'anarta, na kawo ta inda ɗiyata kaɗai za ta ji nauyinta, kuma ban taɓa zaunar da ita na yi mata bayani ba.

Har yau ina firigon nan. Wani lokaci in na rufo ƙofa, injin yana ruri, ba kowa sai ni da cinyoyin shanu a rataye, nakan faɗi sunan. Sai in ga ya fito bakina kamar tururi, ya ɓace.