Kenjebek da Tayoyin Yayyensa

Ƙanena Kenjebek ya shekara ashirin da takwas yana aikin taya a Karaganda, kuma a tsawon wannan zamani abu guda kaɗai na taɓa jin yana alfahari da shi, wato bai taɓa ɗaura wa wani tayar wani ba. Ba da wasa yake faɗin haka ba. Yakan faɗa ne yana kallon mutum cikin ido, kamar mai jiran a musa masa.

Mu uku mahaifinmu ya bari, duka maza. Sagindik ne babba, ni nake bi masa da shekara huɗu, Kenjebek kuwa shi ne auta, an haife shi a 1963 a rukunin gidajen masu haƙar kwal na Maikuduk. Sagindik ya bi mahaifinmu cikin rami har ya zama shugaban ma'aikata. Ni na tafi jami'a na karanta tarihi, na ƙare a ɗakin adana takardu na lardi. Kenjebek ya ajiye karatu daga aji takwas ya shiga garejin manyan motocin kwal, inda wani tsohon Bajamushe ya koya masa faci, ya kuma koya masa cewa duk tayar da aka cire ba a rubuta mata komai ba, ta riga ta ɓata. Da aka rufe ramin a 1996, sai ya samo tsohuwar kwantena ya ajiye a bakin layin garejoji, ya rataye taya a kan sanda. Yau kwantenonin sun zama huɗu.

Ɗaya ce kawai ta aiki. Sauran ukun na ajiya ne, domin duk mai hankali a garin nan yana da ƙafafun mota kashi biyu, na rani da na hunturu masu ƙusoshi, kowane a kan wilinsa, kuma mazaunin bene ba shi da inda zai jibge guda huɗu har wata shida. Kenjebek yake ajiye musu. Ba shi da littafi, kuma ya ƙi rubuta lambar mota. Da alli mai maiƙo, rawaya, yake rubuta sunan mutum da na ubansa a cikin bangon taya, sannan gaba ko baya, hagu ko dama. Na sha yi masa magana a kan wannan tsari, a matsayina na wanda ya san yadda takardu suke ɓacewa. Amsarsa ba ta sauyawa: mutum yana sauya mota, amma ba ya sauya uba.

Wanda bai ga wajensa ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka ba, bai san halin mutanen garinmu ba. Tun watan Satumba kowa ya san tana tafe, gidan rediyo yana faɗa, gwiwoyin tsofaffi suna faɗa, amma ba mai zuwa ya sauya wa motarsa takalmi sai ta zuba. A ranar kuma sai dukkansu su taho lokaci guda, layi ya kai har gidan burodi, kowa yana rantsuwa cewa shi ɗan'uwan Kenjebek ne ta wajen uwa. A cikin irin wannan hargitsi ne ya kafa sunansa.

Abin da bai taɓa yarda da shi ba shi ne 'yar na'urar nan da ake ɗaurawa a gindin bawul, wadda take sanar da mota yawan iskar da ke cikin taya. 'Yar tsegumi yake kiranta. Kowace tana da lambarta, kuma mota ba ta sauraron kowa sai waɗanda aka shigar mata a ƙwaƙwalwa. In ta neme su ta rasa, sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa. Maganin Kenjebek ga wannan fitila shi ne guntun baƙin salatif. Ya ce yana da gejin auna iska tun na zamanin Bajamushe, yana da babban yatsa, ba ya bukatar shawarar wani abu mai batir.

Ni da Sagindik motarmu iri ɗaya ce, fara, ƙirar Japan, domin shi ya fara saye, ya kuma matsa mini har na bi shi. Tayoyin hunturu ma rana ɗaya muka saya, aka shigar wa kowace mota na'urorinta. Hunturu biyu ba mu ga fitila ba.

A ƙarshen Oktoban shekarar da nake magana a kai, Kenjebek ya ɗaura mini na hunturu. Ban kai gida ba fitilar ta yi ta ƙiftawa, sannan ta tsaya a kunne. Na koma washegari. Ya zagaya da gejinsa, ya ce iska daidai take, sanyi ne ya ruɗa 'yar tsegumi. Bayan mako guda na sake komawa. A wannan karon ya leƙa bayan tayar gaba, ya daɗe a durƙushe fiye da yadda aikin yake bukata, sannan ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya kira ni Aga, wato yaya, kamar yadda ya saba.

"Aga, shekara arba'in kana karanta wasiƙun matattu, yanzu kuma fitila ce za ta hana ka barci? Bari in yanko maka salatif."

Na bayyana masa, cikin natsuwa kamar yadda na saba, cewa aikina yana kai ni gundumomi, tafiyar awa uku a fili fetal babu gida ko ɗaya, kuma fitilar da take kunne kullum ba za ta iya gaya mini ranar da ƙusa ta shige ni da gaske ba. Ya ce in tsaya kowace awa in yi wa tayoyin shuri, kamar yadda mahaifinmu yake yi. Na tuna masa cewa mahaifinmu bai taɓa mallakar mota ba. Sau biyar na je a watan Nuwamba. Sau biyar na dawo da shayi a cikina da fitila a gabana. Sagindik ma, na ji, tasa ta kama, amma shi ya karɓi salatif tun ranar farko.

A tsakiyar Disamba ɗan baffanmu ya yanka dokin naman hunturu ya kira mu ƙauye cin kan dokin, kamar yadda aka saba. Muka kama hanya da safe, Sagindik a gaba, ni a baya, Kenjebek da iyalinsa sun riga mu. Iska ta taso tana share dusar ƙanƙara a kan kwalta har ba a ganin gefen hanya, don haka na matsa dab da motar Sagindik ina bin jan fitilunsa. Ba a jima ba fitilar 'yar tsegumi ta mutu. Da hanya ta washe ya ba ni rata, bayan ɗan lokaci sai ta dawo. Sau uku hakan ta faru, kuma na lura da kowane. Aikina ya koya mini cewa abin da ya faru sau ɗaya labari ne, wanda ya faru sau uku kuwa hujja ce. Motata tana jin muryar na'urorinta ne, kuma suna jikin motar yayana.

Da muka isa, na bari kowa ya shige, na murɗa sitiyari har ƙarshe, na durƙusa a cikin ƙanƙara da tabarau. Rubutun yana nan, amma babu suna. An rubuta: "Ata na tsakiya, gaba, hagu." Ata shi ne yadda ake kiran dattijo a wurinmu. Hannun kuma ba na Kenjebek ba ne, wanda yake rubutu kamar yana faɗa da allin. Wannan a zagaye yake, a tsanake, hannun wadda ta yi makaranta da kyau.

Nan na tuna. A watan Maris ɗansa Daulet ya auro Raushan, 'yar wani ƙauye daga kudu, inda har yanzu kelin, wato matar ɗa, ba ta kama sunan manyan gidan mijinta, sai dai ta laƙaba musu nata. A watan Afrilu, lokacin cire na hunturu, Kenjebek ya yanke a hannu, sai ya miƙa mata allin. Abin da ba za ta faɗa da baki ba, ba za ta rubuta da hannu ba. Sau ɗaya ta taɓa ganinmu kafin nan, ranar biki. Ni ne na tsakiya, rubutun da ke jikin motata ya ce na tsakiya, amma tayoyin na Sagindik ne. Ke nan a kan nawa ta rubuta "Babban Ata". Kenjebek ya bi rubutu daidai. Ita ce ta ɗauke ni babba.

Na samu Kenjebek a gefen gida yana faskare. Kafin in gama ya ce ya sani tun zuwana na biyu. Na tambaye shi dalilin da bai musanya su ba, aikin da bai kai rabin awa ba. Ya ce sai an haɗa motocin biyu wuri guda, kuma Sagindik zai tambaya, in ya tambaya zai leƙa, in ya leƙa zai gane. Dukkanmu mun san Sagindik. Ya taɓa ficewa daga ɗaurin aure saboda an zaunar da wani da shi Sagindik ya girma da wata bakwai a sama da shi, kuma har yau ba ya gaisawa da mutanen gidan.

"Yarinyar nan kwana biyu ake yi a jirgin ƙasa kafin a kai gidansu," in ji Kenjebek. "Wata tara ke nan tana zuba mana shayi kanta a ƙasa. In ya ji ta mai da shi ƙaninka, a bakin dangi za ta tsufa. Ka yi haƙuri zuwa Afrilu in goge."

Wato ya riga ya yanke, ba tare da ya shawarce ni ba, cewa zan yi wata biyar ina yi wa tayoyi shuri a tsakiyar fili. Na gaya masa ra'ayina a kan haka da kalmomin da ba zan maimaita su a rubuce ba.

Amma Sagindik bai zama shugaban ma'aikata a banza ba. Ya gan ni durƙushe ta taga, kuma ashe tun a hanya ya ɓare salatif ɗinsa ya ga tasa fitilar tana mutuwa tana tashi. Ya jira har aka ajiye masa kan dokin a gabansa a matsayinsa na babba, ɗaki ya cika, Raushan tana bakin tukunyar shayi. Sannan ya ajiye wuƙa.

"Auta, tuna mini wannan maganar taka. Ba ka taɓa ɗaura wa wani mene ne ba?"

Aka yi dariya. Ya bayyana wa jama'a yadda fitilun biyu suka yi, dalla-dalla, ya ce ƙafafun malamin tarihi yake yawo da su tun Oktoba, shi ya sa motarsa ta koyi tafiyar hawainiya. Ya tambaya ko dai wani ne ya yi rubutun. Na ga hannun Raushan ya tsaya a kan kofi. Kenjebek yana da amsar da za ta wanke shi tas, tana nan a waje, a rubuce da rawayan alli, sau takwas.

"Ni na rubuta, ni na ɗaura, Aga," ya ce. "Ido ne ya fara tafiya. Kelin, ƙaro wa Babban Ata shayi, maƙogwaronsa ya bushe da magana."

Ni da na san hannun kowa a ɗakin nan, na ci gaba da cin namana. Ban taɓa jin haushin mutum da girmama shi a lokaci guda kamar ranar ba.

Ranar Litinin muka kai motocin. Kenjebek ya hana Sagindik fitowa, wai kada sanyi ya kama shi, ya goge rubutun takwas da tsumma da fetur kafin ya musanya. Fitilata ta mutu kafin in kai gidan burodi. Sagindik kuwa bai bar shagon aski ko gidan wanka ko zaman makoki a Maikuduk ba sai da ya ba da labarin. Zuwa Afrilu babu wanda bai ji ba. Mutum biyu ko uku sun kwashe tayoyinsu sun kai wani wuri mai kwamfuta. Sauran sun zauna, amma sun samu abin tsokana, kuma mutanenmu ba sa sakin irin wannan.

Raushan da kanta ta same ni bara ta ce in zan rubuta tarihin surukinta, in rubuta da wannan, domin ta gaji da jin ana yi masa dariya a kan laifinta. Na nuna mata haɗarin da ke ciki. Ta ce Babban Ata bai taɓa karanta ko layi ɗaya na abin da nake rubutawa ba, kuma dole na yarda cewa gaskiya ta faɗa. Na tambaye ta abin da ya sa ta ɗauke ni babba. Ta rufe baki da gefen gyale ta ce ranar biki ni ina zaune da furfura ban ce uffan ba, shi kuwa yana tsakiyar fili yana rawa da baƙin gashin baki. Ina so a sani cewa takardun haihuwarmu duka suna hannuna, kuma tazarar shekara huɗu ce da wata biyu. Baƙin gashin bakin kuma daga kwalba yake fitowa.

Yanzu ita take riƙe da na'urar da ake shigar wa mota lambobin 'yan tsegumi. Daulet ya sayo, Kenjebek ya ƙi taɓawa. A kan tayoyina tana rubuta "Ata mai takardu". Lambar mota dai har yau ba a rubutawa, duk da na sake kawo maganar sau biyu.

Shekararsa sittin da ɗaya, yana ɗaga wili da hannu ɗaya. Ranar dusar ƙanƙara ta farko ta bana ina cikin layi, domin ni ma ban zo a Satumba ba, na ji wani direban tasi yana ce masa, "Kenjeke, duba da kyau, tawa ce ko ta maƙwabcina?" Da can da ya kalle shi cikin ido ya faɗi maganarsa. Wannan karon juya tayar kawai ya yi, ya nuna masa sunansa da na ubansa, ya ɗaura, ya ɗaure notuna biyar, ya ce na baya ya matso.